LD_LIBRARY_PATH ko rpath: wanne ya fi?

A Linux, ka girka OpenSSL 3 (laburaren ɓoye bayanai) a /opt/openssl, ka harhaɗa curl (manhajar aikawa da karɓo bayanai ta intanet) a kansa lafiya lau, amma da ka kira curl ɗin sai ya ce bai ga libssl.so.3 ba, wato fayil ɗin laburaren OpenSSL. Dalili kuwa, -L, zaɓin da ka nuna wurin laburaren da shi, lokacin harhaɗawa kaɗai yake aiki. Lokacin gudu ld.so, mai nemo wa manhaja laburarenta, bai san wannan lungu ba.

Hanya mai sauƙi ita ce ka nuna wa ld.so wurin ta hanyar rubuta export LD_LIBRARY_PATH=/opt/openssl/lib64 a tagar umarni (terminal). Layi ɗaya, ba sai ka sake harhaɗawa ba. Sai dai duk manhajar da ka kira daga wannan tagar za ta gaje shi, har wata ta ɗauki laburaren da ba nata ba. Manhajojin setuid (masu gudu da izinin mai fayil ɗin) kuma ko kallonsa ba sa yi, cron (mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara) ma bai san da shi ba sai ka rubuta masa.

Ni dai rpath na fi so, wato adireshin laburare da ake rubutawa a cikin manhaja lokacin harhaɗawa. Ka sa LDFLAGS="-Wl,-rpath,/opt/openssl/lib64" kafin configure (matakin shirya harhaɗawa), adireshin ya zauna cikin manhajar kanta; umarnin readelf -d zai nuna maka shi. Aibinsa, in ka matsar da laburaren, an koma gidan jiya, sai fa in da $ORIGIN (wato wurin da manhajar take) ka rubuta adireshin, kuma ka matsar da su tare.