Kafin ka raba faifan kwamfutarka: wace manhaja ta dace da aikin?

Yawancin kwamfutocin hannu da ɗalibai ke saya a PZ ko Sabon Gari, komai nasu a C, wato ɓangaren faifan da Windows ke zaune, yake jibge. Ranar da Windows ta rikice aka ce sai an goge, firojet ɗin shekarar ƙarshe da hotunan biki sun tafi tare. Shi ya sa ake raba faifan ajiya ɗaki-ɗaki, wato fatishan: ɗakin Windows daban, na kayanka daban.

Idan rage C kawai za ka yi ka fitar da D, kada ka sayi komai. Disk Management tana cikin Windows, da linzami za ka gama. Matsalarta ita ce ba ta matsar da ɗaki daga inda yake, kuma ba ta faɗaɗa shi sai in filin da babu kowa yana manne da shi ta dama.

Diskpart ma ta gida ce, amma a baƙin allo kake rubuta mata umarni. Masu gyara suna sonta saboda tana aiki ko a tsakiyar ɗora Windows. Sai dai ba ta tambaya. Ka rubuta list disk, ka zaɓi lamba da select disk, ka buga clean, shi ke nan ta share tsarin ɗakunan faifan. Na ga ɗalibi a Samaru da ya nufi filashinsa ya zaɓi faifan da ke ɗauke da aikinsa, har yau ina jin abin a raina. TestDisk, manhajar dawo da ɗakunan da suka ɓace, ita ce ta ceto shi, don bai rubuta komai a kai ba bayan kuskuren. A Linux, wani tsarin kwamfuta irin Windows, manhajar fdisk ta fi sassauci, ba ta taɓa faifai sai ka buga w. Ita kuwa parted, wata manhajar Linux ɗin, nan take take zartarwa.

Wadda nake ba mutane shawara a kai ita ce GParted. Kyauta ce, kana ɗora ta a filashi ka tada kwamfutar da ita. Tana zana maka faifan ka gan shi da idonka, tana matsar da ɗaki, ta san tsarin ajiye fayil irin su NTFS da ext4 da FAT32, kuma tana jera ayyukan ta jira izininka.

EaseUS da MiniTool da AOMEI suna da sauƙin amfani, amma wasu ayyukan sai ka biya. Su kuma kwafin da aka fasa wa makulli, kada ka damƙa musu faifanka.

Duba tsarin raba faifan tun da wuri, iri biyu ne: tsoho MBR da sabo GPT. MBR ɗakunan asali 4 kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce terabait 2. GPT yana kai 128 a Windows, shi Windows 11 ke bukata tare da UEFI, wato sabon tsarin tada kwamfuta. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, mai shirin hawa 11 ya nemi MBR2GPT, tana cikin Windows kuma tana juya MBR zuwa GPT ba tare da goge kaya ba.

Kuɗin da za ka kashe, kashe shi a faifan waje ka kwafe kayanka tukuna. Matsar da babban ɗaki yana iya cin sa'o'i, kuma batirin kwamfutar hannu ba abin dogaro ba ne. In aka ɗauke wuta ana tsakar aikin, ɗakin na iya lalacewa. In batirinka ya mutu, je inda ke da sola ko inbata ka yi aikin a can.