Gargaɗi kan aikin "kwastoman ɓoye": cakin da suke aikowa na bogi ne

Jama'a, raina a ɓace yake. Kullum tambayar ɗaya ce, wane kamfanin kwastoman ɓoye ne ya fi biya, wanne ne ya cancanci a yi wa aiki, alhali rabin masu tambayar tuni saƙon 'yan damfara yana cikin wayarsu. Kwastoman ɓoye shi ne wanda ake biya ya shiga kanti kamar mai sayayya, ya lura da yadda ake tarbar mutane, ya kai rahoto. Mu da muka san wannan sana'a kunya ce take kama mu, don da sunanta ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi.

Ga yadda abin yake tafiya, musamman a Amurka inda har yanzu ake hulɗa da caki sosai. Ambulan zai iso maka ta FedEx ko UPS, irin mai kwalin nan da ake sa hannu kafin a karɓa. A ciki akwai wasiƙa mai tambarin kamfani, da takardar tambayoyin da za ka cike, da caki. Mu ɗauka na dala 2,450 ne. Wasiƙar za ta ce dala 350 ladanka ce, dala 100 kuɗin mai, sauran dala 2,000 kuma ka je kanti ka sayi katin kyauta (katin da ake zuba wa kuɗi, duk mai lambar bayansa yana iya kashe su) guda huɗu na dala 500-500, ka lura da yadda mai karɓar kuɗi ya tarbe ka, ka kankare bayan katunan, ka ɗauki hoton lambobin ka tura wa "mai kula da kai" don a tabbatar ka yi aikin. Awa 24 ko 48 za su ba ka. Kuma za su ja maka kunne kada ka faɗa wa ma'aikacin banki ko na kanti, wai aikin sirri ne, idan aka gane ka aiki ya ɓaci.

To, ka kai caki banki. Washegari ka buɗe manhajar banki a wayarka, ga dala 2,450 zaune a asusunka. Nan ne wurin. Wannan daƙiƙar da mutum ya ga lamba a fuskar waya ita ce duk damfarar. Ya duba, ya rufe, ya sake buɗewa, kuɗi na nan. Wani har kiran banki yake yi ya tambaya ko kuɗin sun shiga, a ce masa e, za ka iya cira. Shi ke nan zuciya ta kwanta. Dala 2,450, banki da kansa ya nuna, me kuma ya rage a yi shakka a kai?

Kada wanda ya zo ƙarƙashin wannan rubutu yana cewa kwaɗayi ne ko wauta. Mutumin nan bai taɓa kuɗin ba sai da ya ga sun shiga. Ya yi abin da mai hankali yake yi, ya jira banki. Abin da ba a taɓa gaya masa ba shi ne "za ka iya cira" daban, "cakin na gaskiya ne" daban. A Amurka akwai doka tun 1987 da ta tilasta wa bankuna su sakar wa mutum kuɗin cakin da ya ajiye cikin 'yan kwanaki, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu na aiki. Wato banki ya ba ka aro ne kafin cakin ya je bankin da aka ce shi ya bayar. Gano cewa na bogi ne yana iya ɗaukar makonni. Ranar da ya dawo, banki zai zare dala 2,450 ɗinsa cif daga asusunka, ya ɗora maka cajin caki da ya dawo. In babu kuɗin a ciki, asusu ya koma bashi, wani lokaci ma a rufe shi. Dala 2,000 ta katuna kuwa ba a kai minti nawa da tura hoton ba aka kwashe ta. Ita dala 350 da ake ce maka lada, da dala 100 ta mai, ba su taɓa wanzuwa ba. In ka kashe su, kai za ka biya. Dala 2,000 daga aljihunka, a kan caki na dala 2,450 da bai kai darajar takardar da aka buga shi a kai ba.

Na tsallake wani abu. Kafin ambulan ɗin ya iso, akwai saƙon farko, ta imel ko tes ko LinkedIn, cewa an ga takardunka na neman aiki kuma an zaɓe ka. Babu ganawa, babu gwaji. Sai fom na suna da adireshi da lambar waya, wani lokaci har da hoton katin shaida, wanda shi kaɗai ma ya isa a yi maka wata ɓarnar daban daga baya. Kuma sunan kamfanin da suke amfani da shi na gaskiya ne. Ka bincika a intanet, ka ga kamfanin yana nan, da shafinsa da ofishinsa, har da tambarin MSPA, ƙungiyar kamfanonin wannan harka. Sunan sata suka yi. Duba adireshin imel ɗin da kyau: ko na Gmail ne, ko an ƙara harafi ɗaya ko ɗan layi a cikin sunan kamfanin. Ita MSPA ba ta ɗaukar kowa aiki, ba ta aika wa kowa caki.

A da wurin Western Union da MoneyGram macutan suka fi tura mutane, wai ka gwada yadda wakili yake aika kuɗi. A 2017 Western Union ya amince ya biya dala miliyan 586 a sulhun da ya yi da hukumomin Amurka kan damfarar da aka riƙa yi ta hanyarsa, MoneyGram kuma dala miliyan 125 a 2018. Yanzu macutan sun fi karkata ga katin kyauta da kuɗin kirifto, don da zarar lamba ta fita hannunka da wuya kuɗin su dawo.

To wane kamfani ne ya cancanta? Wanda kuɗinsa ba su da daɗin ji. Aikin gaske haka yake: kai za ka nemi shafin kamfanin da kanka, ka yi rajista kyauta, ka shiga allon ayyuka ka zaɓi wanda ke kusa da kai. Za a ba ka ƙa'idoji, wani lokaci shafi biyar ko shida. Ka rubuta lokacin da ka shiga da lokacin da ka fita, minti nawa ka yi a layi, sunan wanda ya saurare ka, ko ya gaishe ka, ko ya tallata maka wani abu a kan wanda ka nema, har da tsabtar banɗaki. Da kuɗinka za ka yi sayayyar, ka riƙe rasit, ka ɗora hotonsa tare da rahoto, galibi cikin awa 12 zuwa 24. Akwai mai tace rahoto a can. Ka manta sunan ma'aikaci ko ka je reshen da ba shi ba, ya yi watsi da aikin, ba lada ba mayar da kuɗi. Ladan kuwa dala goma, sha biyar, ashirin, wasu gidajen abinci ma kuɗin abin da ka ci kawai za su mayar maka, shi ma da iyaka. Biyan sai bayan makonni, wata ɗaya har fiye, ta PayPal ko kai-tsaye cikin asusu. Kamfanoni irin su BestMark da Market Force da IntelliShop da Ipsos sun daɗe a harkar, kuma saboda an san su ne ake satar sunansu. Ka shiga ta jerin mambobin da ke shafin MSPA, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka.

Yanzu ka auna. Sana'ar da ake jan mutum wata guda kafin a ba shi dala sha biyar, ita ce za ta aiko wa wanda ba ta taɓa gani ba dala 2,450 tun bai ɗaga ƙafa ba? Dala 350 a kan sayayyar minti ashirin? Tsuntsu daga sama gasasshe. Amma sai ka san farashin aikin kafin ka ga wannan, kuma sabon shiga bai sani ba, shi ya sa shi suke nema.

Akwai ƙananan 'yan'uwansu. Masu cewa ka biya kuɗin rajista, ko na takardar shaida, ko na "jerin kamfanoni na musamman", jerin da yake kyauta a intanet. Da na WhatsApp da Telegram, masu ba ka aikin danna taurari ga kaya, su biya ka 'yan canji sau ɗaya ko biyu, sannan su ce sai ka zuba kuɗi kafin ka cire ribar da kake gani a allo. Ita ma lamba ce a fuskar waya.

Zan ɗora hotunan irin wasiƙar da cakin da saƙonnin da suke turowa, bayan na goge sunayen mutane, ku ga yadda suke matsa wa mutum da "ka sayi katunan?" tun da sassafe.

In cakin yana hannunka, kada ka kai banki. In ka riga ka kai, kada ka taɓa ko sisi, ka kira sashen damfara na bankin ta lambar da ke bayan katinka. In ka tura lambobin, ka kira kamfanin katin kyautar yanzu-yanzu da rasit a hannu, ko akwai abin da ba su kwashe ba tukuna, sannan ka kai rahoto ga FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye, in a Amurka kake. Duk wanda kuma ya kira ka bayan haka ya ce zai ƙwato maka dala 2,000 ɗinka in ka ba shi kafin alƙalami, ka kashe wayar, su ne suka dawo.