iNaturalist da Ƙananan Faɗa-wuta: Inda Take Aiki da Inda Take Gazawa

Ga mai lambun da ke kafa tarkon fitila da dare, wahalar tana farawa ne da asuba, lokacin da aka buɗe bokiti aka tarar da ƙananan faɗa-wuta masu ruwan toka maƙale a jikin kwalin ƙwai. Wahalar ita ce gane sunansu. Manhajar iNaturalist, mai taimakawa wajen gane halittu daga hoto, kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone. Ka ɗauki hoto, ta kawo sunayen da take zato, sannan sauran masu amfani da ita, har da masana, su duba su tabbatar ko su gyara.

A kan masu zane a fili tana ƙoƙari sosai. Maruca vitrata, wadda tsutsarta ke huda furen wake da kwansonsa, tana zama da fukafukai a buɗe, ga fararen tabo a kan ruwan ƙasa, don haka manhajar ba ta cika kuskurenta ba. Haka ma Plutella xylostella ta kabeji, mai farin layi mai lanƙwasa a gadon baya, da Spoladea recurvalis mai cin alayyafo.

Matsalar tana wajen sharon, wato Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Tsawonta bai wuce milimita 7 ba, toka-toka ce da ɗigon baƙi, kuma da yawa daga danginta na Gelechiidae haka suke. 'Yar uwarta ta dankalin Turawa, Phthorimaea operculella, ta ɗan fi ta girma ne kawai. Masana kansu sai sun fede al'aurar ƙwaron a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci. Ga shi kuma yawancin hotunan da aka horar da manhajar da su daga Turai da Amurka suke, shi ya sa wani lokaci take ba ka sunan ƙwaron da babu shi a Afirka ko kaɗan. Idan ta yi haka, tsaya a sunan dangi, kada ka zaɓi nau'i.

Rabin kuskuren ma daga hoton yake. Buɗe tarkon kafin rana ta yi zafi, domin da sun ji ɗumi za su tashi, tururuwa da tsaka kuma ba sa jira. Saka kowane a ƙaramar kwalba mai haske, ka ajiye a firji kamar minti 15 ya lafa, ban da wajen ƙanƙara. Ɗora shi a kan takarda kusa da rula, ka ɗauki hoto biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, a inuwa, ba tare da filas ba. Ƙaramin gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a kyamarar waya yana da amfani ƙwarai. Ƙwaron da ya faɗa tarkon ruwan sabulu ko ya manne a tarkon danƙo kuwa, garin fukafukansa ya goge, zanen ya tafi.

Amsar masana kan ɗauki lokaci, don masu duba ƙananan faɗa-wutan Afirka ta Yamma kaɗan ne. Manhajar ta cancanci a sauke ta, amma kada a sayi maganin feshi bisa zatonta. Mai zargin sharon ya kafa tarkon ƙamshin macen, wanda mazan Tuta yake jawowa, ya kuma duba ganyen tumatir ko akwai faffaɗan farin tabo da baƙin kashin tsutsa a ciki.