Accord Coupe, BMW 335i ko Benz C250: wacce za ta iya da zafin Katsina?

Ɗan'uwanmu ya tambaya cewa dillali ya nuna masa motoci uku masu ƙofa biyu, duk 'yan Kwatano: Honda Accord Coupe mai silinda shida ta 2010, da BMW 335i ta 2008, da Benz C250 Coupe ta 2013. A Katsina yake zaune, yana shiga Kano sau biyu ko uku a wata, jefi-jefi yana leƙa Daura. Wacce ta fi sauƙin riƙo, kuma me zai duba kafin ya biya?

Malam, in dai riƙo ake magana, Accord ce, ba ja. Benz na biye, BMW ɗin nan kuwa ita ce ta ƙarshe, duk da ta fi su daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Amma kowacce da inda take ciwo, kuma ko Accord ɗin akwai sharaɗi.

Mu fara da fetur, tunda shi ne na kullum, musamman tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. A kan babban titi bambancinsu kaɗan ne, lita 8 zuwa 9 a kilomita 100, C250 ta ɗan yi ƙasa da haka. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, ke nan zuwa da dawowa ka ware lita 30 zuwa 35 in e-si na kunne. A cikin gari ne suke rabuwa: Accord wajen lita 12, C250 wajen 11, 335i ta kusa 14, kuma in ƙafarka na da nauyi sai abin da hali ya yi. Abin da mutane ke mantawa shi ne irin man. Injin Accord an yi shi ne don fetur na gama-gari. BMW da Benz masu tobo ne, suna son mai mai lamba 95 a ma'aunin Turai, mu kuwa abin da famfo ya zubo shi muke sha. Motar za ta tashi, za ta tafi, sai dai kwamfutar injin tana rage mata ƙarfi don kada ta ƙwanƙwasa, ga zafin rana ya ƙara dagula lamarin. Wanda kuma ke sayen man jarka a bakin hanya, ya manta da waɗannan biyun gaba ɗaya.

Juye ma ba ɗaya ba ne. Accord na cin lita 4.3 na 5W-20. C250 lita 5.5, mai alamar 229.5 a jikin galan. BMW lita 6.5, mai alamar LL-01, kuma ba ta da sandar auna mai, a allon gabanka za ka duba. Da ƙurar hunturu irin tamu, kada ka bi dogon zangon da motar ke rubuta maka. Kilomita 5,000 zuwa 7,000 ka yi juye, filtar iska kuma ka buɗe ta duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 da wasu bakanikai ke zuba wa kowace mota ba na waɗannan injinan ba ne.

To, Accord. Injinta mai lita 3.5 bel ne ke juya taimin ɗinsa, ba sarƙa ba, kuma in bel ɗin ya tsinke fistin na dukan bawul, sai sauke kan inji. Ƙa'idar ita ce mil 105,000 ko shekara bakwai, amma littafin motar da kansa ya ce inda zafi ke wuce digiri 43 a canza a kilomita 100,000. Duk wanda ya san Afrilu da Mayu a Katsina ya san da mu ake. Don haka kada ka saurari "ai an canza a can". In babu shaida, ka sa kuɗin cikin ciniki, a canza bel da famfon ruwa da tenshona da fulayen duk a zama ɗaya. Canza bel kaɗai a bar tsohuwar tenshona aikin baban giwa ne.

Ciwonta na biyu shi ne tsarin da ake kira VCM, wanda ke kashe silinda biyu ko uku in kana tafiya a miƙe, har ka ga kalmar ECO ta kama kore a gabanka. Silindar da ke yawan hutawa zobbanta na daskarewa, mai ya riƙa hawa sama yana ƙonewa. Ka ce a kwance fulogi na ɗaya zuwa na huɗu a jera maka su a kan tsumma. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, a bushe. In ka ga baƙi mai danshi, da dunƙulen toka a maƙale, injin na shan mai, kuma kwamfuta za ta iya nuna lambobin matsala P0301 zuwa P0304. Ana sayar da wata 'yar na'ura da ake jonawa don hana VCM aiki, tana tsayar da ɓarnar, amma ba ta gyara zobban da suka riga suka mutu. Ka haska fitila saman altaneta ma, domin akwai bawul a samanta da ke ɗigo mata mai har ya kashe ta. Girgiza a sitiyari lokacin da ECO ta kama kuwa, kujerun injin ne suka gaji, kuma na wannan motar sun fi na sauran Honda tsada.

Sai zancen cire ƙafa da ake yi wa Honda gori da shi. Gaskiya ne, boljoyin na ƙasa ne, kuma galibi ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi: ƙugi in ka juya sitiyari, ko robarsa ta yage giris ya bushe. A sa na kirki, a duba shi duk juye. Giyabos ɗinta mai giya biyar ne, man Honda DW-1 kaɗai take so. In da za ka samu mai silinda huɗu, lita 2.4, ita sarƙa ce da ita kuma babu VCM, ta fi duka sauƙi, sai dai gudun ba ɗaya ba.

BMW ce ke buƙatar a zauna a yi magana. 335i daga 2007 zuwa 2010 injin N54 ne, tobo biyu, doki 300. Inji ne mai ƙarfi a ciki, amma duk abin da ke kewaye da shi yana da wa'adi. Famfon ruwanta na lantarki ne, kuma ba ya ɗigo ya sanar da kai kamar na Honda, mutuwar farat ɗaya yake yi, galibi tsakanin kilomita 100,000 da 130,000. Alamar ita ce fanka ta ɗauki ƙara kamar jirgi, alamar zafi ta fito rawaya, sannan ja, motar ta rage gudu da kanta. Motar ba ta da allurar zafin ruwa, ta zafin mai ce kawai. In wannan ya same ka tsakanin Tsanyawa da Bichi da tsakar rana, ka kashe ta nan take ka nemi mai ja. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, inji zai saya. Ana canza famfon tare da tamostat, kuma cire iskar ma da tsarinsa: a kunna wuta ba tare da tada inji ba, a kai hita ƙarshe, a danne totur daƙiƙa goma, famfon ya yi ta zagaya ruwa kusan minti goma sha biyu. Bakaniken da bai san wannan ba, ko wanda ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, kada ya taɓa maka ita. Ruwan rijiya ko na leda a lagireto ma haka.

Ka buɗe bonet ka haska gaban injin, inda gidan filtar mai yake. In ka ga jiƙa baƙi yana gangarowa zuwa fanbel, gasket ɗin wurin ya mutu. Shi kansa ba tsada, amma man na cinye bel ɗin, ya zame, ya naɗe a bayan fule, har gutsattsarinsa su shige cikin inji ta sil ɗin gaba su toshe matsotsar mai. Ƙaramar roba ke jawo wannan. Bayan shi akwai famfon fetur mai matsi, wanda ya yi ƙaurin suna har kamfanin ya yi kiranye a kansa a Amurka a 2010. Alamarsa doguwar murzawa kafin ta tashi da safe. Akwai nozul shida masu tsada da sai an shigar da lambarsu a kwamfuta, akwai kacau-kacau daga tobo in ka ɗaga ƙafa daga totur, akwai gawayi da ke taruwa a bawul, akwai bututun iska na roba da ke fashewa. Ko batir ka canza sai an sanar da kwamfuta. Wasu na farko-farko ma ba su zo da abin sanyaya baƙin mai ba, sai ka leƙa ta cikin mazaunin tayar gaba ta dama ka tabbatar.

Ba wai duk za su lalace rana ɗaya ba. Matsalar ita ce mota mai shekara sama da goma sha biyar ta kai lokacin da suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin kayan sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokacin har Ladipo a Legas, motar na ajiye kwana da kwanaki. In zuciyarka ta kafe a kan BMW, ka ce wa dillalin ya nemo maka 328i. Jiki ɗaya ne, ba tobo, ba famfon matsi, doki 230. Famfon ruwa da ɗigon mai suna nan, sauran rigimar ta ragu.

Benz C250 inji ne lita 1.8 mai tobo, kuma ciwonsa sarƙar taimin da haƙoran da ke kan kamshaf. Sarƙar na miƙewa, haƙoran na cinyewa. Gwajin ba ya son kuɗi, sammako yake so: ka je tun ba a tada ta ba, ka ɗora hannu a kan injin ka ji sanyi ne, sannan a murza kana tsaye a gaba. In ka ji ƙarar ƙarfe kamar ana jan sarƙa a kan kwano na daƙiƙa biyu ko uku, aikin na jiranka. Dillalin da ya riga ka dumama mota kafin ka iso, ka ce masa gobe ka dawo. Akwai kuma makullin sitiyari na lantarki: ka sa makulli, ba ƙara, ba wuta, motar ta yi shiru kamar batir ya mutu. Wani ɗan ƙaramin moto ne a ciki, amma sai rewaya mai kwamfuta. Giyabos ɗinta mai giya bakwai man shuɗi take sha, mai lamba 236.15, ba ja ba. Ka sa a ɗaga ta a duba ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, domin waɗanda suka fito daga Kanada ko jihohin ƙanƙara gishirin titi na cinye shi daga ciki. A nan ma C350 mai silinda shida ta fi ta kwanciyar hankali, ko da ta fi shan mai, kuma masu gyaran Benz da kayanta sun fi na BMW samuwa a arewa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne jiki. Injin Accord Coupe da ƙafafunta kusan ɗaya ne da na mai ƙofa huɗu da ke ko'ina, amma fitilu da bamba da ƙofa da gilashin gefe nata daban ne. Ɗan Keke Napep ya goge maka fitilar baya a Ƙofar Ƙaura, sai ka yi makonni kana cigiya. Dukansu a ƙasa suke, tudun rage gudu da zaizayar damina a cikin unguwa na taɓa cikinsu, tayoyinsu kuma sirara ne, rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa wili. BMW da Benz galibi tayar baya ta fi ta gaba faɗi, ba a musanya su, BMW kuma ba ta zuwa da safaya ko kaɗan. Ka karanta lamba huɗun da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kujerar baya a Jamusawan mutum biyu ce kawai, ranar sayarwa kuma mai ƙofa biyu tana daɗewa a hannu.

Kafin ka biya, ka zo da naka mai kwamfutar, ba na dillali ba, kuma ya duba ko an share lambobin matsala kwanan nan. Ka lura in ka kunna wuta fitilar inji da ta jakar iska suna kamawa sannan su mutu, don wasu cire ƙwan suke yi. Ka ɗaga kafet ɗin but ka shinshina, motar ambaliya ba ta ɓoye wari da tsatsa a ƙarƙashin kujera. Ka binciki lambar shasi a intanet, hotunan gwanjo sukan fito da yadda aka buge ta da ainihin mil ɗinta. Ka leƙa ƙasa ka ga ko an yanke indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa. Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa da rana tsaka, e-si a kunne, ka tsaya ka bar ta tana aiki minti goma. Takardar kwastan kuwa, tunda an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kuma hanyar Jibiya da ta Daura cike suke da shingaye, ka kai ta ofishinsu a tantance lambar dutin da ta shasin sun yi daidai kafin kuɗi ya bar hannunka.