Jirgi ko bas? Amsa ga Hajiya kan tafiyar Maraɗi zuwa Yamai

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayar da kika ajiye mana daren jiya. Kin ji ana ta zancen za a ƙaro jiragen fasinja a filin jirginmu na Maraɗi, ke kuwa kusan kowane wata sai kin leƙa Yamai saro kaya, wani lokacin daga can ki wuce Dubai ko Santambul. Kika ce in abin ya tabbata, ki bar bas ki koma sama? Na ga mutane suna ta jefo miki "jirgi mana, Hajiya", kamar magana ta ƙare ke nan. Na hau duka biyun, shi ya sa na ce bari in ɗan tsawaita.

Ta fuskar lokaci babu gardama. Daga nan zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka a kan babbar hanya ta ɗaya. Bas ya tashi da asuba, ya bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Tsarnawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Dosso, ga tsayawar salla da cin abinci, ga shingayen jandarma da ƴan duwan inda ake sauka a nuna takardu. In an yi sa'a awa tara zuwa goma, in ba a yi ba sai bayan magariba. Jirgi mai farfela kuwa bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba. Ko kin haɗa da zuwa fili da wuri da kuɗin tasi daga filin Diori Hamani zuwa cikin gari, za ki yi karin kumallo a gidanki, ki yi sallar azahar a Yamai.

Sai dai ba awoyin nan ne ya kamata ki fara dubawa ba. Ranar tashi ce. Bas kullum akwai shi: Rimbo, STM, Al Izza da sauransu, in kin rasa wuri a wannan sai ki tsallaka tashar wancan. Jirgin ƙaramin fili kuwa yana da ranakunsa a mako, kuma dole ki ɗinka tafiyarki a kan nasa tsarin. A ce kin gama sayayya ranar Talata, jirgin komawa sai Juma'a. Awoyi takwas ɗin da kika tsira da su wajen zuwa, kin mayar da su ninki-ninki a masauki, kina cin uwar kuɗinki.

Dalilin haka ba mugunta ba ce, lissafi ne. Irin jiragen da suka dace da fili kamar namu ƙanana ne. Kamfanin Niger Airlines da ya fara aiki a 2014, da Fokker 50 ya fara, mai kujeru wajen 50. Kuɗin mai, albashin matuƙa, kuɗin sauka da na gyara duk ɗaya ne, ko mutum 45 aka ɗauko ko mutum 12. To su wa ke hawa? Ma'aikatan gwamnati masu zuwa taro, manyan ƴan kasuwa, da marar lafiyar da ba zai jure hanya ba. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda da su ne za su cika kujerun, da yawansu jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya suke bi, wanda ni da ke ba mu da wuri a ciki. Shi ya sa kamfanoni kan haɗa gari biyu a tafiya guda, a sauka Maraɗi a wuce Damagaram, don a samu a cika. Kuma shi ya sa sabon layi kan buɗe da kiɗa da jawabai, bayan wata shida a rage ranakun, wani lokacin a yi shiru gaba ɗaya. Ba a Nijar kaɗai ba, ko'ina ƙananan filaye haka suke fama. Kin tuna lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, da aka yi wa garin nan da filin gyara saboda bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba? Gina fili aikin gwamnati ne, cika kujeru kowane mako kuwa aikin aljihunmu ne.

Sannan ga hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da buji ya rufe gari har ba ki hango ƙarshen layinku, direban bas zai kunna fitila ya rage gudu ya ci gaba. Matuƙin jirgi ba shi da wannan damar. In bai ga titin sauka daga nisan da doka ta gindaya ba, ba zai sauko ba, kuma ƙananan filaye ba su cika samun na'urorin da ke jagorantar jirgi cikin duhu ko ƙura irin na manyan filaye ba. Sai ya juya, ko ma ya ƙi tasowa. Haka in ya samu matsalar inji: kamfani mai jirgi ɗaya ko biyu ba shi da na canji. Bara wani bas da na shiga ya lalace mana bayan Ƙwanni, muka yi zaman awa huɗu a gindin bedi muna shan rana, amma daga ƙarshe wani bas ɗin ya zo ya kwashe mu. A sama babu wannan. Gobe ko jibi kawai za a ce miki.

Maganar kaya kuwa, nan ne nake ganin masu ce miki "jirgi mana" ba su san sana'arki ba. A jiragen cikin gida abin da ake yarje wa fasinja galibi bai wuce kilo 20 ba, sai ƴar jakar hannu. Turmin atamfa nawa ne kilo 20? Duk abin da ya hau, a kan kilo za ki biya, ribar ta tafi. Bas kuwa cikinsa rumbu ne: dila, kwali, buhu, ki yi ciniki da yaran tasha a rubuta miki lamba a jiki. Ba ma sai kin bi kayan ba, za ki iya sa su a matsayin saƙo yaronki ya karɓa a tasha washegari.

Kuɗin tikiti ba sai na ɓata miki lokaci ba. Na jirgi ya ninka na bas sau da dama, kuma ko an yi rangwame a makonnin farko don jawo mutane, kada ki gina lissafin shekara a kansa.

Abin da bas ke karɓa wanda ba a rubuta shi a tikiti shi ne jiki da kwanciyar rai. Wini guda a zaune, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage, washegari ki shiga kasuwa kamar wadda aka daka. Ga mai hawan jini ko ciwon suga, ko tsohuwa da za a kai asibiti a Yamai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haɗarin hanya kuma kowa a garin nan ya san gidan da aka yi wa gaisuwa saboda shi: manyan motocin albasa, dabbobi masu ratsa titi, direban da barci ya ɗauka. Ga kuma halin tsaro da ya sa ba kowa ke son dare ya same shi a hanya ba. A nan jirgi ya yi wa bas nisa, ban da ja.

Yanzu ga wurin da na fi so ki saurare ni, wato ranar da za ki fita waje. Tikitin Maraɗi zuwa Yamai daban, na Turkish Airlines ko Ethiopian daga Yamai daban. Ba su san juna ba. In na gida ya makara ko aka soke shi, babban jirgin zai tashi ya bar ki, kuma ba ki bin su ko dala, domin a wurinsu ke ce ba ki zo ba. Sai ki biya tarar canjin rana, ko ki sayi sabo. Don haka duk ranar da kike da jirgin waje, kada ki yarda ki haɗa su rana guda. Ki isa Yamai da kwana ɗaya a hannu, lokacin hazo kwana biyu, yadda ko jirgin nan ya ƙi zuwa kina da sauran damar kama bas na asuba.

Na san wani zai ce, ai Kano ta fi kusa. Gaskiya ne, wajen kilomita 250 ne ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, kuma filin Malam Aminu Kano yana da jiragen waje irin su Ethiopian da EgyptAir. Iyayenmu ta nan suka saba. Amma iyaka ba ta da alƙawari. Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai cikin Maris na 2024. Ƙara da canjin naira da ke hawa da sauka, da matsalar ƴan bindiga a yankin Jibiya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 zai iya sauya wannan lissafin, amma sai ranar da muka ji kukan jirgin ƙasa da kunnenmu.

In da ni ne ke, ga yadda zan yi. Zuwa, tunda hannu sake kike tafiya, kuɗin sari kuma kin riga kin tura ta Nita ko Amana, in ranar jirgi ta dace da taki ki hau, ki isa da ƙarfinki ki yi ciniki ido buɗe. Dawowa, kaya su bi bas, ke kuma ki bi duk wanda ya fara tashi. Kafin ki biya ki tambaye su abu biyu: in suka soke tafiya, kuɗi suke mayarwa ko rana suke canzawa, kuma cikin kwana nawa? Ki sa a rubuta miki. Sabon layin kuma ki bar shi ya ci hunturu guda tukuna kina kallo. In ya kai watan Maris yana zuwa a ranakunsa, sai ki fara ɗora masa tafiyar Dubai.