Winter Gold ko Chrysocarpa? Amsar tambayar Hajiya

Hajiya, kin ce kin je wajen masu saida shuke-shuke a Amurka kin ga wata ƙaramar bishiyar ado da ake kira winterberry kala biyu, duka 'ya'yansu ruwan ɗorawa, ɗaya an rubuta Winter Gold ɗaya Chrysocarpa, shin abu ɗaya ne suka canza suna don su ci kuɗinki? A'a wallahi, jinsinsu dai ɗaya, sunansa na kimiyya Ilex verticillata, ɗan asalin gabashin Amurka da Kanada ne, yana son fadama da ƙasa mai laima, amma asalinsu daban.

Chrysocarpa a daji aka tsince ta, a jihar Massachusetts, haka Allah ya fito da ita cikin 'yan uwanta masu jajayen 'ya'ya, ba wanda ya ƙirƙire ta. Sunan ma Girkanci ne, wai 'ya'yan zinare. Launinta ɗorawa ne zalla.

Ita kuwa Winter Gold labarinta ya fi daɗi. A gonar renon shuke-shuke ta Simpson da ke Vincennes a jihar Indiana akwai wata sananniya mai suna Winter Red, jajur take, sai kawai reshe guda a jikinta ya ɓata, ya fito da 'ya'ya wani kala daban, sauran rassan duk ja, shi kaɗai ya bambanta, to wannan reshen aka yanka aka dasa aka yi ta yaɗawa, duk Winter Gold ɗin da kika gani yau daga shi ta fito. Shi ya sa ba da iri ake shuka ta ba, yanka reshe ake kamar rogo, in kin shuka ƙwallon ba tabbas me zai fito. Kuma ki duba ta da kyau, ba ɗorawa tsantsa ba ce, akwai ɗan ruwan lemo da hoda-hoda a jiki, jinin uwar bai sake ta gaba ɗaya ba.

Ni dai Winter Gold zan ɗauka, ta fi saukin samu kuma tana cika 'ya'ya dam, idan sanyi ya shigo ganye ya zube sai ka ga sanduna tsirara an jera musu ƙananan ƙwallaye kamar murjani.

Amma fa ko wacce kika saya mace ce, kamar dabino, dole sai da namiji a kusa. Winter Gold da wani namijin winterberry mai suna Southern Gentleman ake haɗa ta saboda lokacin furensu ɗaya, ɗayar kuma ki tambayi mai shagon wanne namiji ya dace. Kar yara su ci 'ya'yan, na tsuntsaye ne.