Matatar ruwa ta Sawyer ga ɗan sa-kai a ƙauyen ƙasar waje: ta bokiti ta fi ta aljihu

Duk wanda aka tura aikin sa-kai wani ƙauye a Yuganda, Kenya ko Tanzaniya, ko ta shirin TAC da Najeriya ta kafa a 1987 mai tura ƙwararru na shekara biyu, ko ta ƙungiyar 'yan sa-kai irin VSO, abin da ya fi saurin kwantar da shi a watan farko shi ne ruwan sha. Mutanen gari suna ɗiba daga famfon tuƙa-tuƙa, rijiya ko rafi a jarkoki masu lita 20. Ruwan gora sai an je gari, kuma alawus ba zai ɗauke shi kullum ba. Shi ya sa matatar kamfanin Sawyer na Amurka ta zama cikin kayan da ake yawan cusawa a jaka.

Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai Sawyer Mini, 'yar ƙarama mai nauyin giram 57 ko kusa da haka, tana zuwa da jakar roba mai rabin lita, da tsinken zuƙa, da sirinjin wanki, kuɗinta a Amurka tsakanin dala 20 zuwa 30. Sai ta bokiti, wadda aka fi sani da PointONE, mai tiyo da mahuji da wosha na roba. Cikinsu ɗaya ne: tarin siraran zaruruwa masu rami, ƙofofinsu ba su wuce maikuron 0.1 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙwayoyin kwalara da taifod da E. coli sun fi wannan ƙofa girma, ba sa iya wucewa, haka ma jiyadiya mai sa kumburin ciki da gudawar da ba ta jin magani da wuri. Ba batir, ba sinadari, ba wani abu da ake canzawa duk wata. A nan ba ta da abin kushe.

Ga mai zaman wata da watanni, Mini wahala ce. Za ta yi amfani ranar tafiya kasuwar mako ko ziyarar makarantun ƙauyuka, amma mutum yana bukatar kamar lita 10 a yini idan aka haɗa sha da goge baki da wanke tumatir da shayi, kuma matse wannan da hannu rabin lita rabin lita zai gundure shi kafin mako ya zagayo. Daga nan sai a fara cewa "yau dai bari in sha haka". Jakar tata ma ba ta da ƙwari, ta wajen wuya take fashewa idan aka matsa da ƙarfi, kuma ana matsawa da ƙarfi ne saboda matatar ta fara toshewa. Bakin Mini yana hawa kan gorar lemo ta roba mai murfi milimita 28, sai dai gorunan ruwa da yawa wuyansu gajere ne, suna yoyo.

Ta bokiti ita ce ta zaman gida. A sayi bokiti biyu masu murfi a can, sababbi, waɗanda ba a taɓa zuba fenti, fetur ko maganin feshi a ciki ba. A huda ɗaya kamar santimita 4 daga gindi, don laka ta sami wurin kwanciya ƙasa da ramin. A kankare gefen ramin ya yi sumul, a sa mahaɗin da wosha ɗinsa, a ɗaure da hannu kawai. Filaya tana murƙushe wosha, yoyo ya biyo baya. Bokitin sama a ɗora shi kan tebur ko a rataye, na ƙasa ya tari ruwan. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin saman ruwa da matatar, gwargwadon gudunsa, don haka cikakken bokiti a wuri mai tsayi ya fi rabin bokiti a kan kujera sauri nesa ba kusa ba. Idan an gama, a ɗaga matatar a maƙale ta a bakin bokiti, ruwa ya tsaya da kansa.

Inda aka fi samun matsala shi ne wanki. Ruwan damina mai ja yana iya rage gudunta cikin yini ɗaya. Maganinsa a cika sirinji da ruwan da aka riga aka tace, a kafa shi ta bakin da ruwa ke fita, a banka da ƙarfi lokaci guda, a maimaita har abin da ke fitowa ta baya ya yi fari. Turawar farko ita ce mai muhimmanci. Idan aka lallaɓa, ruwan zai bi zaruruwan da suke buɗe ya bar toshassun yadda suke. Kuskuren da ya fi muni shi ne cika sirinji da ruwan jarka, domin an kai ƙazanta ɓangaren da ya kamata ya zauna da tsabta. Sirinjin nan kuma a ɓoye shi daga yaran maƙwabta, abin wasa ne a wurinsu, kuma ba a samun irinsa a kantin ƙauye.

Kafin a zuba ruwa mai laka, a bar shi ya kwana a jarka, a tsiyaye na sama ta cikin kyalle mai tsabta. Ɗan alam ko garin ƙwallon zogale yana saurin kwantar da shi. Inda ruwan rijiyar burtsatse yake barin farin ɓawo a tukunya, sirinji kaɗai ba ya isa: a jiƙa matatar cikin ruwan khal kamar rabin awa, sannan a wanke ta baya da ruwan ɗumi da hannu zai iya jurewa. Tafasasshen ruwa yana lalata ta. Ƙanƙara ma haka, wanda aka tura tsaunukan Lesoto ya sani cewa a Yuni da Yuli ruwan da ya rage a ciki yana iya daskarewa ya fasa zaruruwan, kuma ba a gani daga waje.

Abin da masu saye suka fi tsallakewa a jikin kwali: ba ta kama bairos. Na ciwon hanta nau'in A bai fi maikuron 0.03 ba, wucewa yake abinsa. Idan ruwan daga rafi ne ko buɗaɗɗiyar rijiya kusa da masai, bayan tacewa a sa kulorin. WaterGuard, kulorin na ruwa, murfi ɗaya ne ga jarka mai lita 20, Aquatabs kuwa, na ƙwaya, a bi ƙimar da ke jikin takarda don girmansu ya bambanta, a jira minti 30. In ba su, a tafasa ya yi minti ɗaya yana bori, minti uku a wuri mai tsayin da ya haura mita 2,000. Matatar ba ta cire gishiri, maganin gona ko sinadarin fuloraid. Wannan na ƙarshe babban zance ne a yankunan Nakuru da Arusha, inda za ka ga haƙoran mutane sun yi ruwan ƙasa. Tafasawa ma ba ta cire shi, ruwan sama da aka tara ya fi.

Kamfanin yana cewa Mini za ta tace galan 100,000, wato sama da lita 370,000. A ɗauki wannan a matsayin talla. Wani bincike da aka buga a 2015 kan matatun Sawyer na bokiti guda shida da aka yi wata 23 ana amfani da su a gidaje a Honduras ya same su sun toshe, wasu suna barin ƙwayoyin cuta su wuce. Kamfanin ya musanta yadda aka yi binciken, kuma shida ba yawa ba ne, amma mai zaman shekara biyu ya tafi da kan matata biyu, wato ita matatar da ake ɗaurawa a bakin tiyo. Idan gudun ruwa ya ƙaru farat ɗaya ba tare da an wanke ba, ko ta faɗi kan siminti, a ajiye ta a ɗauko ta biyun.

Bokitin ƙasa ya kasance mai famfo da murfi, kada a riƙa tsoma moɗa. Baƙi za su shigo, kuma ba za ka hana maƙwabci ruwa ba, famfon ne zai raba ka da hannuwa goma a cikin ruwanka. Duk mako a wanke shi da ɗan bilic irin Jik, a ɗauraye sosai.

A sayi ta bokiti tun kafin a tashi, da ƙarin kai ɗaya da ƙarin wosha, a haɗa da Mini don tafiye-tafiye idan kuɗi sun kai. Kulorin da bokitai a bari sai an isa babban gari mafi kusa da ƙauyen.